Ɗakin Inna da Na Rushe

Ina da shekara ashirin da shida na rushe ɗakin mahaifiyata. Ba ta gari. Ta tafi Gafasa wajen yayata da ta haifi tagwaye, za ta yi kwana arba'in tana taya ta jego, ni kuma na ga dama ta samu. Har yau in na tashi ba da labarin nan sai in ji bakina ya yi nauyi, domin a lokacin ban ɗauke shi laifi ba. Gani nake alheri nake yi.

Gidanmu a Balan yake, amma ba a nan aka haife ni ba. Daga wani ɗan ƙauye muka taso can wajen Kademi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin da rijiyar ƙauyen ta ƙafe mutane suka watse. Baba manomi ne da damina, magini da rani, kuma mutum ne da ba ya iya wuce abu a yashe. Da muka tashi bai bar komai a kufai ba sai bango. Azara tara ya zare daga tsohon rufin, ya yi ta jigilarsu a kan jaki har ya kwashe. Da su ya rufe wa Inna ɗaki a Balan.

Babu abu sabo ko ɗaya a ɗakin nan. Ƙasar ginin ta wani kango ce da ya zube a bayan gari, Baba ya roƙa aka ba shi, don ya ce ƙasar da ta taɓa zama bango ta fi riƙo. Dokin ƙofa ɓarin dutsen niƙa ne. Taga kuwa ƙarfen ƙafar keke ce da wayoyinta, ya dasa a bango, iska na shiga kaza ba ta shiga. Indararon da ke zubar da ruwan rufi wuyan fasasshen tulu ne. Saman rufin ya shafe da laso, wanda ya haɗa da katsin da marina ke kwashewa daga gindin rijiyar rini su zubar, da gashin awaki na majema. Ƙyauren kuma garwar kananzir shida ya fasa ya daddake, ya buga a jikin katako. Ɗaya daga cikinsu rubutun Turancinta bai goge ba, Baba kuwa da bai san boko ba sai ya buga ta a juye.

Wannan ƙyaure shi ya fara sa ni jin kunyar gidanmu. Ina makarantar horon malamai, wani abokina ɗan Gaya ya raka ni gida hutu. Muna shiga tsakar gida ya karkata kai yana karanta rubutun, ya fashe da dariya.

"Ashe a cikin garwa kuke kwana," in ji shi. "Kuma a kife."

Na taya shi dariya. Har na fi shi. Baba yana zaune a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya, ya ji mu sarai, bai ɗago ba. Shekara biyu bayan haka ya rasu, a cikin ɗakin nan, Inna na yi masa fifita.

Na gama makaranta aka ba ni koyarwa a Gaya. Ran Asabar nake hawa keke in zo Balan, in koma Lahadi da yamma. Tun daga ranar da na fara aiki Inna ta daina kirana da sunan da take kirana ina yaro, ta koma ce mini Malam kamar kowa. A shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi kowa ya tashi da sayayya, wani rediyo, wani babur. Ni na sayi siminti da kwanon rufi. Ina neman aure a lokacin, 'yar wani ɗan kasuwa a Gaya, gidansu na bulo ne har da fenti. Na san kafin biki matan gidansu za su zo su gaida Inna su ga inda 'yarsu za ta riƙa zuwa. Amma abin da na gaya wa kaina, na kuma gaya wa duk wanda ya tambaya, shi ne Inna ta tsufa, ta gaji da yaɓe duk shekara, ya kamata ta huta.

Na fara zuwa wajen Baffa. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, abokin ginin Baba ne, tare suka yi shekaru suna cuɗa ƙasa, mu kuma Baffa muka taso muna ce masa. Na same shi a ƙofar gida yana jera tubali a rana. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da nake so: a rushe ɗakin, a tayar da na bulo a gurbinsa kafin Inna ta dawo.

"Ka tambaye ta?" ya ce.

"So nake ta dawo ta gani kawai, Baffa."

"Ɗana, in ɗakin siminti kake so, ga fili nan wajen turken awaki. Gina shi a can, ka bar wannan."

"Ai in an bar shi duk wanda ya shigo shi zai fara gani," na ce. Sai kuma bakina ya zarce: "Bola ce fa aka tara aka yi wa rufi."

Baffa ya ajiye tubalin da ke hannunsa. Ya daɗe yana goge tafinsa a jikin wando.

"A cikinta ubanka ya cika," ya ce. "Hannuna na cikin ginin nan. Ba zan sa masa diga ba. Nemi wasu."

Na nemi wasun. Birkila ɗaya da leburori uku na ɗauko daga Gaya. Na kwashe kayan Inna na jibge a zaure, gadon ƙarfenta da jeren kwanukanta da randa. 'Yan'uwan Baba da muke gida ɗaya da su, kowa da sashensa, babu wanda ya ce uffan. Malam ne, mai albashi, ya san abin da yake yi.

Birkilan ya ce kafin azahar za su gama rushewa. Kwana biyu suka yi. Diga na sauka a bangon tana tsalle, leburorin na tsaki suna cewa wannan ba ƙasa ba ce, dutse ne. Ina tsaye ina jinsu, maimakon in gane wani abu, haushi nake ji ana ɓata mini lokaci. Da aka sauke rufin sai ga azara tara a jere a ƙasa, baƙi wuluk saboda hayaƙi, ko ɗaya gara ba ta taɓa ba. Maƙwabta suka taru suna kallo. Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce duk mai son wani abu ya ɗauka, ni dai a share mini wurin. Kafin la'asar babu ko tsinke. Wannan ya saɓi azara biyu, wancan ɗaya. Wata tsohuwa ta sa jikokinta suka ja ƙyauren. Ƙasar ma aka yi ta ɗiba a mangala ana kaiwa gona, sai ɗan tudu da ya rage a bayan rumbu.

Cikin mako huɗu sabon ɗaki ya tsaya. Bulo, kwano mai walƙiya, ƙofar katako daga wajen kafinta, taga mai marfi. Silin ne kawai ban yi ba, na ce sai nan gaba. Na mayar da kayan Inna na jera yadda na ga dama.

Ta dawo a farkon bazara, ranar wata Asabar, da ƙunshin kayanta a ka. Ta yi sallama ta shigo, ta tsaya cak a tsakar gida. Matan gidan suka rangaɗa guɗa. Ita kuwa ta sauke kayan a hankali, ta dubi ɗakin, ta dubi bayan rumbu, ta sake duban ɗakin.

"Malam, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Inna."

"To. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Ta cire takalmi ta shiga, ta shafa bango da tafin hannu. Can ta leƙo.

"Ina ƙyauren?"

"Na bayar, Inna. Duk tarkacen na bayar."

"To," ta ce. Ta koma ciki.

Mako biyu bayan haka matan gidan surukaina suka zo. Inna ta shimfiɗa musu tabarma a sabon ɗaki, ta dama fura. Ina jin muryoyinsu daga zaure suna yaba ɗakin, suna cewa yaron nan ya san darajar uwa. Da za su tafi babbar cikinsu ta tsaya ta maimaita mini a fuskata. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali daɗi ne ya cika ni. Ban lura ba sai daga baya cewa ba su jima a ciki ba, sun fito da tabarmarsu gindin darbejiya suna fifita da bakin mayafi.

Wata Laraba aka tashe mu da wuri daga makaranta, na ce bari in leƙa gida ba zato. Na iso Balan rana na tsaka. Na tarar da sabon ɗaki a rufe da kwaɗo. Na zaga ina neman Inna, sai na hango ƙafafunta a ƙarƙashin rumfar awaki. Ta share gefe ɗaya, ta shimfiɗa tabarma, tana kwance da zani ɗaya, akuya na tuƙa a kusa da kanta. Da ta ji motsina ta tashi zumbur tana gyara ɗankwali.

"Akuyar nan ce ba ta da lafiya," ta ce. "Na zo in duba ta, barci ya ɗauke ni."

Akuyar lafiyarta lau. Na karɓi makulli na ce zan ajiye jakata. Ina buɗe ƙofa zafi ya buge ni a fuska kamar na leƙa tanderu. Man shanun da ke cikin ƙwarya ya narke ya zama ruwa. Na zauna a bakin gado na ce sai na ga iya abin da zan jure. Ban kai minti goma ba rigata ta jiƙe, na fito. A wuyan Inna da kafaɗunta na ga ƙuraje jajaye birjik. Na gani, ta ga na gani, ta ja zani ta rufe. Na ce mata za a sa silin. Ta ce Allah ya hore.

Da zan koma, a bakin rijiya wani maƙwabcinmu ya tare ni, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗebi azara.

"Malam, don Allah ka ba Inna haƙuri," ya ce. "Biyun nan na riga na sa su a rufin shigifa. Da ta zo da wuri da na ba ta. Sau biyu ke nan tana zuwa, ni kuma nauyinta nake ji."

"Zuwa yin me?"

Ya dube ni, ya gane ya yi ɓaranɓarama. "Au, ba ka sani ba? Ai gida gida take bi tana roƙon a mayar mata. Ta ce kada a gaya maka."

Ban san yadda na rabu da shi ba. Na juya keken na koma gida, na zaga bayan rumbu. Ƙarƙashin tarin karan dawa na ga bakin azara na leƙowa. Na ɗaga karan. Guda biyar. A jingine da katanga kuma ga ƙyauren, duk kashin kaji. Daga baya na ji tsohuwar da ta ɗauka rufin akurki ta yi da shi, sai da Inna ta ba ta kaza da 'ya'yanta kafin ta sake shi. Uwata, da ba ta taɓa roƙon ko gishiri a maƙwabta ba, ita ce ta yi ta yawo gida gida tana roƙon kayan ɗakinta, tana ɓoyewa don kada ran ɗanta ya ɓaci. Na mayar da karan yadda na same shi, na fice ba tare da ta gan ni ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya na tarar yayata ta zo daga Gafasa da tagwayenta. Ita ba ta da irin haƙurin Inna. Ta bari Inna ta shiga wanka, ta kira ni zaure.

"Kai, don wa ka yi ɗakin nan?"

"Don Inna mana."

"Dube ni. Don Inna, ko don baƙin Gaya?"



"Kwana arba'in tana wajena," ta ce, "kullum zancenta ta ƙosa ta koma ɗakinta ta sha iska. Ka san biyu daga cikin azarar nan daga gidan ubanta suka fito? Shi ya ba Baba su da za a yi mata ɗakin aure. Ka taɓa tambaya? Kai dai ka yi boko, ka ga rubutu a juye."

Wannan ta ƙarshen ta fi yi mini ciwo, don ban san labarin dariyar nan ya kai kunnenta ba. Ashe Baba ya faɗa a gida. Ashe Inna ma ta sani, duk shekarun nan.

Da la'asar na sami Inna tana tankaɗe. Na tsuguna nesa kaɗan na ce na ga abin da ke bayan rumbu. Hannunta ya tsaya a kan rariya.

"Ba raina kyautarka na yi ba, Malam," ta ce da sauri. "Wallahi ɗaki ya yi kyau. Kowa ya zo sai ya faɗa. Kawai dai in na kwanta na ɗaga ido, ban san kowa a rufin ba. Waɗancan na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai tabon wuta, tun gobarar da aka yi a tsohon gida kana goye. Ita ce ma ban samu ba."

Ita ke ba ni haƙuri. Na tashi.

Wajen Baffa na nufa. Wannan karon na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Na ce a taimaka a tayar wa Inna ɗaki da abin da ya rage. Bai tuna mini da maganar da na yi ba, bai kuma yi mini murmushi ba.

"Damina ta kawo kai," ya ce. "Ba a ginin ƙasa yanzu. Sai bayan kaka. Azara biyar kuma ƙaramin ɗaki za su rufe, ba kamar na da ba. Ƙasar da ta rage ba ta isa, amma akwai rumbuna da ya faɗi, za mu haɗa. Kai kuma aikinka katsi da gashi. Kana Gaya, ga marina ga majema. Ka riƙa kawowa kaɗan kaɗan."

Haka Inna ta yi daminar nan a ƙarƙashin kwano. In ruwa ya sauka ko maganar wanda ke kusa da ita ba ta ji. Ni kuma duk Asabar sai na bi ta marina na roƙi katsi a buhu, na bi ta majema na ɗebi gashi mai wari, na ɗaure a bayan keke. Hanyar Balan ta gaban makarantarmu take bi. Wata rana na yi kiciɓis da shugaban makarantar a bakin hanya. Ya toshe hanci ya ce, "Malam, me ka ɗauko haka?" Na ce taki ne zan kai gona. Ko a lokacin, bayan duk abin da ya faru, ban iya cewa kayan ginin ɗakin uwata ba ne. Na hau keke ina jin haushin kaina har Balan.

Bayan an gama girbi Baffa ya zo da mutum biyu. A gefen turken awaki suka ja layi, daidai inda ya nuna mini tun farko. Suka farfasa ragowar tsohon bango da ƙasar rumbunsa, suka jiƙa, suka bar ta ta kwana uku tana tsima. Dutsen niƙan ba a gan shi ba, ƙarfen keken ma yara sun yi gare-gare da shi ya ɓata, sai Baffa ya fasa gindin wata tsohuwar tukunya ya yi taga da bakinta. Maƙwabcin nan ya aiko da azara ɗaya daga wani wuri, ya ce a karɓa a madadin biyun. Inna da kanta ta wanke ƙyauren da toka. Da aka zo kafa shi Baffa ya dube ni ya ce, "Ko a juya garwar ta daidaita?" Na ce a bar ta yadda take. Matan gidan suka taru suka yi daɓe da tsingaron da Inna ta yi ta tarawa duk damina.

Ɗakin bai kai rabin na da ba. Gado da randa da jere, sai wurin shimfiɗa dadduma. A ciki Inna ta yi shekara goma sha ɗaya har Allah ya karɓi abinsa. Ɗakin bulo kuwa ni da matata muke sauka a ciki in mun zo, bayan na sa masa silin, sauran lokaci ana zuba gyaɗa.

Ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Na yi niyya ranar da za ta tare. Mu biyu ne muka ɗauko gadon ƙarfen, ita a gaba ni a baya, don ta ce ba ta yarda wani ya taɓa mata sabon yaɓe ba. A bakin ƙofa gadon ya cije, muka tsaya muna kallon juna ta tsakanin ƙarafunsa.

"Inna," na ce, "abin da na yi..."

"Karkata shi hagu, Malam," ta ce. "A hankali, kada ka goge bango."

Na karkata shi hagu, ya shiga.